Makafin Madina da Zancen Littattafan Baffa

'Yan uwa da abokan arziki, ina neman afuwa saboda shirun da kuka ji na kwana biyu. Sanyi ya sako mu gaba a nan Ingila, rana tun ƙarfe huɗu ta faɗi, ga karatu ya yi yawa. To amma zancen Baffa ya hana ni sukuni, shi ya sa na ce yau ko me zan bari sai na rubuto muku.

Kowa a gida ya san halin da ake ciki. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin tsare ɗan abin da ya rage. Ranar Juma'ar da ta wuce na kira shi muka daɗe muna hira. Bai yi kukan komai ba, kun dai san halinsa. Sai da za mu yi sallama ya ce da ni shi Alƙur'ani yana kansa, alhamdu lillahi, hanyar masallaci kuwa ƙafarsa ta haddace ta tun kafin a haife mu. Abin da ke damunsa kawai shi ne ya shiga zaure ya shafa littattafan nan nasa ya ji su kamar bulo. Wai akwai wata mas'ala ta gado da aka kawo masa, ya san tana cikin sharhin Risala, ya san mujalladin, ya ma san a shafin dama take daga ƙasa, amma kwana uku yana neman wanda zai zauna ya duba masa bai samu ba. Wallahi da na ajiye waya sai da na yi hawaye.

Na ji an ce za a haɗa kuɗi a sayo masa sabuwar rediyo mai cin memori. Madalla, ni ma a sa da ni. Amma ku ɗan yi haƙuri in ba ku wani tarihi tukuna, wanda na fara bibiya tun da Allah Ya nufe ni da yin Umara na sauka Madina.

Wata rana bayan sallar La'asar a Masallacin Annabi (SAW) na zauna kusa da wani dattijo, da wani ƙaton littafi a kan cinyarsa, fari fat babu ɗigon tawada ko ɗaya. Yatsunsa na tafiya, leɓɓansa na motsi. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne daga hagu zuwa dama yake bi. Ashe haka rubutun makafi na Braille yake ko da Larabci ne. Alƙur'anin da muke sakawa a aljihu, a wannan rubutu kundi shida ne manya-manya, kowanne izu goma. Na koma masauki ina tambayar kaina, to kafin wannan rubutu, kafin rediyo da kaset, yaya makahon Madina yake samun ilimi? (Na san yanzu an fi son a ce "masu lalurar gani", amma tunda Baffa da bakinsa makaho yake cewa, ku bar ni da ita.)

Amsar da na samu ta ba ni kunya. Bukhari ya kawo daga sahabi Bara'u ɗan Azib cewa waɗanda suka fara isowa Madina daga cikin masu hijira su ne Mus'ab ɗan Umair da Abdullahi ɗan Ummu Maktum, kuma su ne suka riƙa karantar da mutanen garin Alƙur'ani. Wato a malamai biyun farko na Alƙur'ani a Madina, ɗaya makaho ne. Shi ne wanda farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa tun ana Makka, lokacin da ya zo neman a sanar da shi alhali Annabi (SAW) yana ganawa da manyan Ƙuraishawa. Ku lura da abin da ya kawo shi wurin, ilimi ya zo nema. A Madina ya zama ladani tare da Bilal. Bilal ya yi kiran farko da sauran dare, shi kuma ya yi na fitowar alfijir, kuma ba ya kira sai an ce masa gari ya waye. Masu azumin birni guda sun dogara da muryarsa, shi kuma ya dogara da idon wani. Malaman tarihi sun ce har sau 13 Annabi (SAW) ya bar masa Madina idan zai fita, yana jan mutane salla. Kuma lokacin da ayar Suratun Nisa'i ta sauka a kan fifikon masu fita yaƙi, Zaidu ɗan Sabit yana cikin rubutawa shi ya kawo kukansa, aka saukar da togaciya ga masu lalura. Duk da haka da ya nemi a ba shi izini ya riƙa salla a gida saboda rashin ɗan jagora, tambayar da aka yi masa ita ce ko yana jin kiran salla. Da ya ce yana ji, aka ce to ya amsa. An ɗauke masa abin da ido ne kaɗai ke yi, amma ba a cire shi daga jama'a ba.

Bayan zamanin sahabbai, in an ce malaman fiƙihu bakwai na Madina, a cikinsu akwai Ubaidullahi ɗan Abdullahi ɗan Utba, wanda ya makance, kuma shi ya koyar da Zuhri da Umar ɗan Abdul'aziz. Akwai Abubakar ɗan Abdurrahman ɗan Haris, shi ma idonsa ya tafi. Sai Ƙatada na Basra, wanda da makantarsa aka haife shi. Ya taso takanas ya zo Madina wurin Sa'idu ɗan Musayyib, ya tare a gidansa kwanaki yana ta tambaya, in an ce ya maimaita ya kawo komai yadda aka faɗa masa, har Sa'idu ya ce masa ya tafi haka nan, ya tatse shi ƙaf.

Ta yaya hakan ya yiwu? Ni a ganina sirrin yana cikin yadda ake karatun ne. Ku dubi majalisar Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 ta Hijira. Yawanci ba shi yake karanta Muwaɗɗa ba. Yana da mai karanta masa, wani mai suna Habibu, shi zai ɗaga murya yana karantawa, Malik yana saurare yana gyara, sauran jama'a kuwa kunne kawai suke bayarwa. Takarda tana da tsada, littafi da hannu ake kwafa, saboda haka a cikin mutum ɗari da ke zaune watakila 'yan ƙalilan ne ke riƙe da kwafi. A irin wannan zama me mai ido ya fi makaho da shi? Kusan babu. Hasali ma a wajen malaman hadisi, wanda ya ji daga bakin malami ya fi wanda ya tsinta a takarda daraja. Mu ma ai haka muka taso muka gani a zauren Baffa: ɗalibi ɗaya ke jan baƙi, Baffa na fassarawa, mutum goma suna ɗauka a kunne, ciki har da mai shayin bakin layi.

Ko karatun Warshu da muka yi a allo daga nan ya fito. Warshu mutumin Masar ne, ya zo Madina ya karanta a gaban Nafi'u, limamin masu ƙira'a na garin, baki da baki. Abokin karatunsa Ƙaluna kuma an ruwaito cewa kurma ne, leɓɓan ɗalibi yake kallo ya gane inda ya yi kuskure. Shaɗibi kuwa, wanda ya tattara ƙira'o'i bakwai a waƙe mai baiti 1,173 da har yau ake haddacewa, makaho ne ɗan Andalus, ya rasu a Alƙahira a 1194.

Kada in yi ta yabo kamar babu wahala. Akwai ta, shi ya sa Ɗabari ya kawo cewa halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sa a ba kowane makaho ɗan jagora daga baitulmali. Akwai kuma wani malami a Bagadaza, Zainuddin al-Amidi, da ya yi zamani wajen shekara 500 kafin Louis Braille. Shi dabararsa ita ce ya murɗa 'yar takarda ya yi siffar harafi da ita ya manna a cikin bangon littafi, in ya shafa ya san nawa ya saye shi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Madina ta tara littattafai ƙwarai. Masallacin kansa yana da taskoki, har gobarar da tsawa ta haddasa a shekara ta 886 ta Hijira, wato 1481, ta cinye su, ta haɗa da littattafan Samhudi, babban marubucin tarihin garin. Daga baya Turkawa suka kafa nasu, irin laburaren Arif Hikmat na 1853 da ke kudu da masallaci a da. A 1352 ta Hijira, wajen 1933, aka kafa laburaren Masallacin Annabi bisa shawarar Sayyid Ubaid Madani. Duk alheri ne. Sai dai da injin ɗab'i ya sa littafi ya yi araha, kowa ya sayi nasa ya shige ɗaki yana karantawa a zuci, sai majalisa ta fara raguwa. Mai ido ya ci riba, makaho aka bar shi a zaure shi kaɗai. Wannan fahimtata ce, wanda yake da ja ya rubuto mini.

Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka samu irin Habibun Malik. A 1961 aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda 'yan ƙasarmu da yawa suka yi, irin su marigayi Shaikh Ja'afar Mahmud Adam daga baya. Shugabanta na farko Shaikh Muhammad ɗan Ibrahim, muftin Saudiyya, makaho ne tun yana matashi. Mataimakinsa da ke zaune a Madina yana gudanar da ita, Shaikh Abdul'aziz ɗan Baz, shi ma idonsa ya rufe yana ɗan shekara 20 ko kusa da haka, kuma shi ya zama shugaba daga 1970 zuwa 1975. Na san a gidanmu akwai masu ra'ayinsa, akwai waɗanda ko sunansa ba sa son ji, to ba wannan na zo tayarwa ba. Abin dubawa shi ne an yi shekara 14 makafi ne ke riƙe da jami'a sukutum, da takardunta da laburarenta da ɗalibai daga ƙasashe barkatai. Ɗan Baz yana da mutanen da aikinsu ke nan, su karanta masa wasiƙu da littattafai, ya yi shifta su rubuta. A wannan zamanin ne kuma Saudiyya ta fara koyar da rubutun makafi, da azuzuwan yamma a Riyad a 1958, sannan makarantar Ma'ahadun Nur a 1960, daga baya aka buɗe irinta a Madina.

Yanzu bari mu tsallaka ƙasashen Turawa mu ga yadda na'ura ta shigo. Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, kuma da ya zo lissafa amfaninta a shekarar da ta biyo, ya sa littafi mai magana domin makafi. Amma sai a 1934 abin ya tabbata a Amurka, a kan faifan garmaho, ta hannun laburaren majalisar dokokinsu. A nan Ingila aka fara a 1935, kuma wanda ya tsaya a kai shi ne Ian Fraser, soja da ya rasa idonsa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Dalilinsu ya yi daidai da namu. Sojojin nan da girmansu suka makance, yatsunsu sun ƙi sabawa da ɗigo-ɗigon Braille. Kowane gefen faifai minti 25 yake ɗauka, a aika wa mutum ta gidan waya, in ya gama ya mayar. Saboda haka wanda ya ce a koya wa Baffa rubutun makafi yana da shekara saba'in da ɗoriya, na gode masa da niyya, amma mu faɗa wa juna gaskiya.

A ɓangaren Musulmi, Masar ce ta fara ɗaukar Alƙur'ani cikakke a faifai, da muryar Shaikh Mahmud Khalil al-Husari a 1961, bisa shawarar Labib as-Sa'id. A 1964 Husari ya yi na Warshu. A Madina kuma ɗalibai suka fara ajiye rikoda a gaban malamai. Tafsirin da Shaikh Muhammad al-Amin ash-Shinƙiɗi ya yi a Masallacin Annabi kafin rasuwarsa a farkon 1974, daga kaset aka kwashe shi aka buga littafin al-Azbun Namir. Kun ga nan an juya, murya ce ta haifi littafi. Sannan Sarki Fahad ya aza harsashin ma'aikatar buga Alƙur'ani a 1982, aka buɗe ta a 1984. Ita ce ke buga Mus'hafin Madina na rubutun Usman Ɗaha da ake ba alhazai, ita ta yi ta buga tarjamar Hausa ta Shaikh Abubakar Gumi. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, tana da sashen ɗaukar murya, kuma a can aka ɗauki karatun su Shaikh Aliyu Huzaifi da Shaikh Ibrahim al-Akhdar da Shaikh Muhammad Ayyub. Kaset ɗin Huzaifi da Inna take sakawa da asuba muna yara, kun tuna? Laburaren masallacin shi ma yana da sashen sauti, inda ake adana darussa da huɗubobi da sallolin da aka yi a ciki. Yau duk wannan yana intanet, yaro ma zai sauke shi a waya.

To a nan gizo ke saƙa. Makaho Musulmi a yau ba shi da matsalar Alƙur'ani, ba shi da matsalar wa'azi da tafsiri. In an cika wa Baffa memori, zai shekara yana saurare bai ƙure ba. Amma sauraron wa'azi daban, bincike daban. Shi malami ne, so yake ya buɗe mujalladi na biyu ya duba babin gado, ya koma kan hashiya, ya gwada da abin da Mukhtasar ya ce. Rediyo ita take zaɓar abin da za ta faɗa maka.

A jami'ar da nake akwai wata ɗaliba makauniya a sashenmu. Tun kafin zango ya fara ma'aikatan laburare suke karɓar jerin littattafanta su mayar da su yadda kwamfuta za ta karanta mata, tana tsallakawa daga babi zuwa babi, daga shafi zuwa shafi, kuma wallahi ta fi ni saurin gama karatu. Doka ma ta ba da dama. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta halatta a mayar da littafi zuwa sauti ko Braille domin makafi ba tare da jiran izinin mai haƙƙin mallaka ba, har a tura shi wata ƙasa. Nijeriya ta amince da ita a 2017, Saudiyya a 2018. An yi ta ne saboda ƙungiyar makafi ta duniya ta daɗe tana kukan cewa ko kashi 10 cikin ɗari na littattafan da ake bugawa ba sa isa ga makafi. Da na ga haka sai na ɗauka an gama, na sa Auta ya turo mini hoton shafi ɗaya na sharhin nan na Baffa, tsohon bugun Masar mai jar takarda, matani a gefe, sharhi a tsakiya. Na ba kwamfuta. Abin da ta karanto mini ko aljani ba zai gane ba, ta cakuɗa matani da sharhi kamar fate. Balle a zo ga takardun Kaka na rubutun hannu da waƙoƙin ajami.

Kuma ba Baffa kaɗai ba ne. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya ƙiyasta cewa makafi 'yan shekara 40 zuwa sama sun haura miliyan ɗaya, kuma abin ya fi tsanani a Arewa. Yanar ido ce kan gaba, sai hawan jinin ido. Makarantar makafi ta farko a ƙasar, ta Gindiri, 'yan mishan ne suka buɗe ta a 1953. Mu da muke da tarihin ɗan Ummu Maktum, abin da muka fi tanadar wa makaho shi ne sanda da ƙoƙo da yaron da zai ja shi, shi ma yaron an raba shi da makaranta. Alhali a Zariya aka yi Aliyu Namangi mai Imfiraji, wanda duk iliminsa ta kunne ya shiga, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa kafin rasuwarsa a 1990. Nakan ce a raina, da wa da wa suka zauna suka yi ta karanta masa? Ba a ambatonsu, amma da babu su da ba mu samu Imfiraji ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma Yaya Babba kai nake so ka tsaya a kai don kai ake jin maganarka. A sayi rediyon, amma a samar wa Baffa masu karanta masa. Mu nawa ne muka yi karatu a zauren nan? A raba kwanaki, ko sau uku a mako, tsakanin Magariba da Lisha. Yaya, ke da kika sauke Iziyya da Risala a hannunsa, in kin shigo gida ran Asabar ki ba shi ko rabin awa. Kada wanda ya ce Larabcinsa ba shi da kyau. In ka yi lahani zai gyara maka kafin ka rufe baki, ka ga kai ka samu darasi kyauta, shi kuma ya koma kan buzunsa na malami. In da hali a samu ɗaya daga cikin manyan ɗalibansa a yanka masa wani abu duk wata ya riƙa zuwa da safe, ni zan ɗauki rabin kuɗin daga ɗan abin da ake ba mu a nan.

Kai kuma Auta, aikinka waya. Duk zaman da aka yi ka ɗauka. Kafin a fara, mai karatu ya faɗi sunan littafi da mujalladi da lambar shafi, in ya juya shafi ya sake faɗa, in zai koma hashiya ya ce ga hashiya. Kada ka haɗa awa biyu a wuri ɗaya, ka yanka babi-babi, ka sa wa kowanne lamba yadda in ya danna maɓalli sau biyar zai san inda ya faɗa. Ka ajiye kwafi biyu, ka turo mini ɗaya. Abokinsa na masallacin ƙofar gida da shi ma ido ya yi rauni, a zuba masa a nasa memorin. Sannan dabarar al-Amidi: a samo zare mai kauri a ɗaura a bangon littattafan da ya fi nema, ƙulli ɗaya mujalladi na ɗaya, ƙulli biyu na biyu, shi zai faɗa muku yadda yake so a jera su. Kuma don Allah kada wanda ya sake gyara masa kanta ba da saninsa ba, domin ya san mazaunin kowane littafi.

A fara da babin gadon nan, mutanen suna jiran amsa. Inna, a riƙa tuna masa maganin ɗigawa safe da dare ko da ya ce ba ya jin ciwo, likita ya ce shi wannan ciwon ba ya sallama. A gaida su Gwaggo da yara baki ɗaya, a gaida mutanen majalisar bakin layi. Zan kira ranar Juma'a in Allah Ya kai mu, in ji wa ya karɓi ranar farko.

Wassalam. Naku a kullum.